Tiramisu na cakulan mai madara: Yadda ake haɗa shi a gida cikin zafin Dutse

Tiramisu kayan zaƙi ne na ƙasar Italiya da ake ci bayan abinci, kuma ba a ɗora shi a wuta bayan an haɗa. Ana tsoma busasshen biskit a cikin gahawa a jera a tasa, a shimfiɗa kirim mai kauri a kai, a sake jerawa, a sake shimfiɗawa, sannan a kai shi firij ya kwana. Aikin da wuta ke yi wa kek, shi sanyi ke yi masa. Wannan ne ya sa yake da sauƙi ga mutumin Turai, shi ne kuma ya sa yake buƙatar lura ga uwargidan da ke Limawa ko Garu ko Takur a cikin Dutse, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba a ba da tabbaci a kanta.

Mafi yawan bayanan haɗa shi da ke yawo a intanet an rubuta su ne domin wata ƙasa da wani yanayi. Suna kiran giya, suna kiran ɗanyen ƙwai, suna kiran wani cuku mai suna mascarpone da ba kowane kanti ke ajiye shi ba ko a Kano. Duk waɗannan suna da mafita. Abin da ba shi da madadi shi ne sanyi, kuma wanda bai shirya masa ba gara ya ɗage aikin zuwa wata rana, domin abin da za a yi asara ba kuɗin cefane kaɗai ba ne, har da lafiyar waɗanda za su ci.

Daga ina ya fito?

Duk da sunan da ya yi a duniya, tiramisu ba tsohon abinci ba ne. Labarin da ya fi shahara yana danganta shi da wani gidan abinci mai suna Le Beccherie a garin Treviso, kusa da Venice a arewa maso gabashin Italiya. Mai gidan shi ne Ado Campeol, wanda ya rasu a watan Oktoban 2021 yana da shekara 93, amma waɗanda ake cewa sun haɗa shi su ne matarsa Alba da mai dafa abincinsu, Roberto Linguanotto. A shekarar 1972 ya shiga jerin abincin da gidan ke sayarwa. Mutanen yankin Friuli da ke maƙwabtaka da su ba su yarda ba, suna cewa a wajensu aka fara, kuma a 2017 ma'aikatar noma ta Italiya ta sanya shi cikin jerin abincin gargajiya na Friuli, lamarin da bai yi wa mutanen Treviso daɗi ba. Ma'anar sunan a harshensu ita ce "ɗaga ni sama", wato abin da ke farfaɗo da mutum. A yankin an daɗe ana buga gwaiduwar ƙwai da sukari a ba mai jego ko maras lafiya don ya ji ƙarfi, kamar yadda a nan ake dama wa mai jego kunun kanwa, kuma daga wannan al'ada ce kirim ɗin ya samo tushe.

Abin da ya fi shafar mu a tarihin shi ne, haɗin Le Beccherie ba shi da giya ko ɗigo. Kayansa shida ne: gwaiduwa, sukari, mascarpone, biskit, gahawa da garin koko. Giyar Marsala da ire-irenta da ake gani a littattafan girki ƙari ne da wasu suka yi daga baya. Don haka wanda ya bar ta bai rage komai daga asali ba. Wurin da ya kamata a sa ido shi ne 'yar kwalbar ƙamshin banila, domin wadda ake shigowa da ita daga waje sau da yawa a cikin barasa ake jiƙa ta. A karanta jikin kwalbar, ko a yi amfani da ta gari, ko a bar ta gaba ɗaya, tunda gahawa da cakulan sun isa ƙamshi.

Shi ma cakulan mai madara baƙo ne a cikin haɗin. Wani mutumin Suwizalan mai suna Daniel Peter ne ya fara haɗa cakulan da madara a garin Vevey a 1875. Amfaninsa a nan shi ne yana tausasa ɗacin gahawa, wanda yawancin gidajenmu ba su saba da shi ba, yana kuma taimaka wa kirim ɗin ya tsaya, domin man kokon da ke cikinsa yana daskarewa a sanyi. Aibinsa shi ne zaƙi. Ya riga ya zo da sukari mai yawa, saboda haka duk inda bayanin girki ya ce a zuba sukari, a rage fiye da rabi.

A nan ya dace a raba gardama: kokon da ake magana a kai shi ne ɗan itacen da ake nomawa a jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba, ba kokon da ake sha da ƙosai da safe ba. Kwaddibuwa da Gana su ke noma kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi ko fiye, kuma a 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya a karon farko. 'Yan kasuwa sun ga tasirin haka a farashin duk wani abu mai cakulan. Wani tasirin da mai saye ba ya lura da shi shi ne yawaitar cakulan da aka cire masa man koko aka sa man ganye a madadinsa. Yana da araha, ba ya saurin narkewa a kanti, za a iya aiki da shi, amma yana barin maiƙo a dasashi kamar an tauna kyandir. A duba jerin kayan da ke bayan takardar: idan man koko na ciki, shi ne na gaske. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kamar kowane kayan gwangwani.

Maganar mascarpone

Ana kiran mascarpone cuku, amma bai yi kama da cukun Buzaye mai tauri ba. Kirim ɗin madara ne da aka ɗumama aka sa masa tsami ya yi kauri, asalinsa daga yankin Lombardiya. Wanda ya samu a manyan kantunan Kano, ya ɗauko shi a cikin kula da ƙanƙara, kada ya bar shi a but ɗin mota har Dutse. Wanda bai samu ba yana da hanya biyu.

Ta farko ita ce a yi shi a gida. A samu kirim ɗin madara na ruwa, irin na kwali wanda maiƙonsa ya kai kashi 35 cikin 100, rabin lita. A zuba a tukunya mai kaurin gindi a kan wuta kaɗan ana juyawa, har ya fara tururi ƙananan kumfa su bayyana a gefe, wato kimanin digiri 85. Kada ya tafasa. A zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami, a ci gaba da juyawa minti biyar. Mai yin awara za ta sa ran ganin ya tsinke ya rabu da ruwa, amma shi ba ya yin haka. Kauri kawai zai yi har ya riƙa manne wa bayan cokali. A sauke ya huce, a shimfiɗa ƙyallen tatar koko mai tsabta a kan rariya, a juye a ciki, a ɗora rariyar a kan kwano a sa a firij ya kwana. Da safe za a samu abin da ya wuce giram 250 da ake buƙata. Garin kirim da masu yin kek ke bugawa da ruwan sanyi ba zai yi wannan aikin ba, domin yawancinsa da man ganye ake yin sa.

Hanya ta biyu ita ce kindirmo, kuma ita ce ta fi kusa da hannun kowa a Jigawa, ƙasar shanu. A zuba lita ɗaya na kindirmo mai kauri a cikin ƙyalle, a bar shi a firij ya tsiyaye awa goma zuwa goma sha biyu, har ya koma kamar ana iya yanka shi da cokali. Ba'italiye ba zai kira wannan mascarpone ba, kuma yana da gaskiya, domin yana da tsami-tsami kuma maiƙonsa bai kai ba. Amma a ganina, a wannan haɗin na cakulan mai madara, ɗan tsamin alheri ne, saboda shi ke karya zaƙin da kan gundiri mutum bayan cokali uku. Sharaɗin kawai shi ne a san asalin kindirmon. Nonon da aka cire wa mai ko aka tsinka da ruwa ba zai ba da komai ba. Sannan dole madarar ta kasance an tafasa ta kafin a ɗaura, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale, kuma dukansu suna kama mutum. Mafi kwanciyar hankali shi ne uwargida ta sayi madarar ta tafasa da kanta, ta bari ta huce zuwa ɗumi, ta sa cokali biyu na tsohon kindirmo, ta rufe ya kwana. Madarar gari mai cikakken mai ita ma tana yi.

Ƙwai: a dafa ko a bari

A Italiya ɗanyar gwaiduwa ake bugawa da sukari a zuba. Ban ga hujjar kwaikwayon wannan a nan ba. Ƙwan da muke saye yakan yi kwanaki a kiret a gaban shago cikin rana, kuma ƙwayar cutar salmonela, wadda ke haddasa amai da gudawa da zazzaɓi, ba ta canza warin abinci ko ɗanɗanonsa. Alamunta kan bayyana daga awa shida har zuwa kwana shida bayan an ci, lokacin da ba wanda zai tuna da ɗan kofin zaƙin da aka raba a wajen suna. Ta fi yin illa ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu, waɗanda su ne aka fi miƙa wa kayan zaƙi.

Gyaran ba shi da wuya. A sa gwaiduwa 3 da sukari giram 40 da babban cokali biyu na madara a kwanon ƙarfe, a ɗora kwanon a bakin tukunyar da ruwa ke ɓararraka a hankali, ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwan ba. A yi ta bugawa da maburgi ba tsayawa, minti shida zuwa takwas. Abin da ake nema shi ne digiri 71. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya lura da kama: haɗin zai yi haske, ya kumbura, ya yi kaurin da idan aka ɗaga maburgi zai zubo kamar zare ya ɗan kwanta a sama kafin ya nutse. Idan aka daina bugawa ko wuta ta yi yawa, wainar ƙwai za a samu. A sauke ya huce sarai.

Wanda ya ga wannan ɗawainiya ce, ya bar ƙwan baki ɗaya. Kirim ɗin zai ɗan rage nauyi a baki, amma cakulan zai cike gurbin. Mai yin na sayarwa kuwa, shawarata ita ce kada ma ta fara sa shi.

Biskit da gahawa

Biskit ɗin asali sunansa savoiardi, dogo ne kamar yatsa, busasshe, maras nauyi, yana shan ruwa kamar soso. Ana buƙatar kimanin guda 24 don tasa mai faɗin santimita 20. Idan babu, yin sa bai fi yin kek wuya ba: ƙwai 3, sukari giram 90, fulawa giram 90. A buga farin ƙwan da sukarin har ya tsaya, a zuba gwaiduwar, a tankaɗe fulawar a kai a juya a hankali don kada iskar ta fita. A zuba a leda a yanke bakinta, a matsa a kan faranti tsawon yatsa-yatsa, a gasa a oben mai zafin digiri 180 na minti goma zuwa goma sha biyu. Gashin tukunya da yashi ma yana yi, in dai an kula da wuta. Mafi sauƙi daga wannan shi ne a yanka kek maras mai, wanda ya kwana, a busar da shi a wuta kaɗan. Biskit ɗin kanti mai tauri yana jinkirin shan ruwa kuma ba ya yin laushi irin wanda ake so, mai garin alkama kuma yana rugujewa tun a hannu. Za su fitar da mutum kunya idan babu wani, amma ba su ne zaɓi ba.

Gahawar ta zama mai ƙarfi, ba sukari, ba madara, ba citta ko kanumfari. Babban cokali biyu na Nescafé a kofi ɗaya na ruwan zafi, mililita 250, ya isa, a bari ta huce. Idan yara ne za su fi ci, ko kuwa da dare za a ci kuma akwai mai fama da rashin barci, a dama garin koko zalla a ruwan zafi a madadinta.

Haɗawa

A ware kirim na ruwa mililita 250. A ɗebi kashi ɗaya cikin uku a ɗumama, a sauke, a zuba cakulan giram 120 da aka yayyanka ƙanana, a bar shi minti biyu sannan a juya har ya narke ya yi sumul. Mai amfani da kindirmo ta ƙara cakulan ya kai giram 150 don haɗin ya tsaya. Narkar da shi a cikin kirim ya fi narkar da shi shi kaɗai aminci, domin cakulan mai madara yana saurin ƙonewa, kuma idan shi kaɗai ne a kwano ɗigon ruwa ɗaya kan sa ya dunƙule ya zama kamar tsaki. A bar shi ya huce har yatsa ya daina jin ɗuminsa. Idan aka zuba shi da zafi a kan mascarpone mai sanyi, gudaji zai yi ko ya tsinke.

A tausasa mascarponen ko tatacciyar kindirmon da cokali, a zuba gwaiduwar da aka dafa idan ana amfani da ita, a bi da cakulan. Ragowar kirim ɗin, wanda ya kamata ya fito kai tsaye daga firij tare da kwanon da za a buga shi a ciki, a buga shi har ya fara tsayawa, a dakata nan. Duk wanda ya taɓa ganin yadda matan Fulani ke kaɗa nono su fitar da man shanu ya san abin da zai faru idan aka wuce wannan gaɓar, kuma a cikin zafi abin yana faruwa da wuri. Mai garin kirim na masu kek tana iya amfani da shi a wannan matakin, sai dai ta tuna yana da sukarinsa. A juya bugaggen kirim ɗin cikin haɗin a hankali, daga ƙasa zuwa sama. A ɗanɗana kafin a yi tunanin ƙara sukari. Ɗan gishiri a bakin yatsa biyu yana fito da ɗanɗanon cakulan.

Yanzu sai tsomawa, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke ɓata aikin. Biskit ɗin a tsoma shi a juya a cire, daƙiƙa ɗaya kowane gefe. Zai zama kamar bai jiƙu ba, tsakiyarsa da sauran tauri, kuma haka ake so, domin cikin dare zai ja danshi daga kirim ɗin ya yi laushi. Wanda aka bari ya sha ya ƙoshi zai saki ruwan a gindin tasa, da safe a tarar da fate. A jera rabin biskit ɗin, a shimfiɗa rabin kirim, a jera sauran, a rufe da sauran kirim, a lulluɓe tasar. Garin kokon da ake barbaɗawa a sama a bar shi sai lokacin ci, a tankaɗa shi ta ƙaramar rariya. Idan ya kwana a kai jiƙewa yake yi ya yi baƙi. Ya kasance koko zalla mai ɗaci, ba Milo ko Bournvita ba, waɗanda sukarinsu ke narkewa ya yi danƙo.

Dutse garin dabino ne, har cibiyar binciken NIFOR tana da reshenta na dabino a nan, don haka ba laifi a yayyanka guda huɗu ko biyar masu laushi a watsa tsakanin hawa biyun. Idan za a yi haka, a cire sukarin gwaiduwa ya koma rabi.

Lissafin sanyi

Tiramisu yana buƙatar aƙalla awa shida a firij mai sanyin digiri 5 ko ƙasa, kwana ya fi. Sauri ya haifi nawa: wanda aka yanka bayan awa biyu zubewa zai yi a faranti. Kafin a fasa kwalin kirim, a tambayi kai ko akwai tabbacin wannan sanyin, da wutar gwamnati ko sola ko janareta.

Ƙa'idar da masana lafiyar abinci ke bayarwa ita ce, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60. Abinci mai madara ko ƙwai kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A Dutse, daga Maris zuwa Mayu, lissafin awa ɗaya za a riƙe. Idan aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu. Duk buɗewar da yaro ya yi don ɗaukar ruwa tana rage wannan. Sanyin hunturu kuma kada ya yaudari kowa. Daren Janairu yana sa mutum neman bargo, amma bai kai sanyin firij ba, kuma ajiye tasar a tsakar gida ko kusa da randa ba ajiya ba ce.

Gidajen da firiza kaɗai suke da ita suna da sa'a ta wani ɓangaren. Tiramisu yana jure daskarewa, kuma firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana iya riƙe ƙanƙararta har kwana biyu babu wuta, rabin-cika kuwa kwana ɗaya. A bar shi ya ɗan yi awa biyu ko uku a wuri mai sanyi kamar kula da ƙanƙara don biskit ɗin ya yi laushi, sannan a daskarar. Lokacin ci a fito da shi minti ashirin kafin nan, a ci shi da sauran sanyinsa kamar askirim, wanda a watan azumi na bazara ya fi na firij ɗin daɗi. Abin da ya narke kada a mayar da shi a sake daskararwa.

Ga wadda ke son kai wa ofis ko ta sayar wa maƙwabta, ƙananan kofuna masu murfi sun fi tasa guda: suna saurin ɗaukar sanyi, ba a buƙatar yanka, kuma ana fito da adadin da za a ci ne kawai. A ɗauke su a kula da ƙanƙara, a rubuta ranar haɗawa a murfin. Na firij a cinye shi cikin kwana biyu. Wanda wuta ta ɗauke a kansa tun dare har gari ya waye, firij ɗin ya huce, a zubar da shi ko da kamanninsa da ƙamshinsa ba su canza ba.